Goran Roba da Jar Tuta

Illela,
4 ga Agusta.

Zuwa ga taubashina Zayyanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da aikinka na shiga ƙarƙashin jiragen ruwan Legas. Yaya kunnen? Idi direban motar albasa ya ce har yanzu sai an yi maka ihu ta hagu kafin ka ji, shi ya sa ban wahalar da kaina da waya ba, na ba shi wannan takarda. Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi. 'Yata Humaira ta fara tafiya, ba abin da ya tsira a ɗakina, har zaren keken ɗinkina ta kwance jiya.

Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, don haka ba zan ɓoye maka ba: kai ka jawo mini masifar da nake ciki. Bara da ka zo gida ka ba mijina Bashar gilashin nutso da bututun numfashi. Kafin nan manomin lambu ne da ya iya iyo, shi ke nan. Bana ruwa ya yi yawa, tafki ya cika ya haɗiye lambuna da injinan ban ruwan da masu su suka yi sakaci ba su kwashe ba. Yanzu duk wanda injinsa ya nutse, ko tarunsa ya maƙale a kututture, sai ka ji ana sallama da Bashar. Ya zama mai suna, har tafiyarsa ta sauya.

Ni kuwa abin da nake samu shi ne wari. Ruwan nan shanu suna sha suna fitsari a ciki, ga baƙin mai yana yawo a kansa, ga mushen da ba wanda ya damu ya fitar. Haka zai dawo mini, matsattsaku manne a bayansa sun ƙoshi sun yi ɓul-ɓul, in zauna da gishiri ina ɓamɓare su ina kau da kai. Wallahi wani lokaci abinci ba ya shiga bakina sai la'asar.

Amma ba warin ne ya sa na ɗauki biro ba. Tunda ruwa ya cinye hanyar babura, an kawo jirage uku masu inji suna ɗaukar mutane da kaya zuwa ƙauyukan tsallake. Masu tuƙa su duk tsofaffin 'yan kabu-kabu ne, kuma yadda suke tuƙa babur haka suke tuƙa jirgi. Ɗaya daga cikinsu Sufyanu ne, ɗan Baffa Abu. Ka san Baffa, wan mahaifin Bashar, babban gidanmu. Shi kuwa Bashar in ya kifa fuskarsa a ruwa, ba a ganin komai nasa sai tsinin bututu da ɗan gadon baya, kuma ruwan da fatarsa launinsu ɗaya. Ran Laraba wani jirgi ya wuce daf da shi har ruwa ya cika masa bututu. Yana ba ni labari yana dariya. Na ce masa, "Dariya kaka yi?" Ya ce, "Mi na na tsoro, Shafa? Na ji ƙarar injin, niy yi ƙasa."

Na tayar masa da hankali har ya yarda zai riƙa jan wani abu a saman ruwa, don a san akwai mutum a ƙasa. To nan gardama ta tashi a majalisarsu. Wasu sun ce goran masunta, wasu sun ce tif na mota, wasu sun ce jarka. Kwana uku ke nan suna shan shayi a kan maganar, cikinsu ba wanda ya taɓa nutsewa ko a randa. Kai ne ka san aikin. Wanne zai ɗauka? Ka ba Idi amsa kafin ya juyo, kada ka yi mini irin naka.

Taubashiyarka,
Shafa'atu.

Legas,
10 ga Agusta.

Zuwa ga Shafa'atu mai bakin reza,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na gode Allah da jin lafiyarku. Ki gaishe da Inna da kyau, ki ce mata ta daina zuwa kasuwa da ƙafa. Kunne yana nan yadda yake, kuma yau na ga amfaninsa, don da a waya kika yi mini wannan faɗan da ɗaya kunnen ma ya tafi.

Na karɓi laifina. Na ba mutum ido da hancin shiga ruwa, ban ba shi abin da zai kare kansa ba. Maganar ran Laraba ba abin wasa ba ce. Na taɓa ganin abin da farfelar jirgi ta yi wa wani abokin aikinmu, ba zan rubuta miki ba, har yau ba na iya cin naman da aka yayyanka. Ki faɗa wa Bashar cewa a cikin ruwa mutum yana jin ƙarar inji amma ba ya sanin daga ina take zuwa. Wannan dariyar tasa ta rashin sani ce, kuma ta ba ni haushi ƙwarai.

Yanzu maganar zaɓi. Gora ba zai yi ba, launinsa da na ruwan tafki duk ɗaya ne, mai jirgi ba zai hango shi ba sai ya hau kansa. Tif baƙi ne, ya fi gora muni. A cikin ukun nan jarka rawaya ta fi, don ita aƙalla ana ganinta daga nesa. Amma duk ukun ba sa magana. Abin da ke faɗa wa mai jirgi cewa akwai mutum a ƙasa shi ne tuta.

Na je inda muke sayen kayan aiki na zaɓo masa da hannuna. Akwai irin dogon nan siriri da masu tukunyar iska suke hurawa su sako daga ƙasa in za su fito, ban ɗauko shi ba, don Bashar ba ya daɗewa a ƙasa, sama da ƙasa yake yi duk wuni. Na ɗauko masa mai faɗi, launin ruwan lemo, ana hura shi da baki, tsawonsa ya kai kamu biyu. Ki kira shi goran roba. Yana da maɗauri a gefe, in mutum ya gaji ya rungume shi ya huta. A ƙarƙashinsa ana rataya darma don kada iska ta kifar da shi. A samansa ake kafa tutar, ja ce da farin layi a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, da waya a ciki don ta tsaya a buɗe ko babu iska. Na ɗauki babba, ƙananan wasan yara ne. Sai igiya mai ƙarfi da abin naɗe ta.

Abu biyu ki sa shi ya haddace kamar karatun allo. Kada ya kuskura ya ɗaura igiyar a ƙugunsa, a hannu ake riƙewa, don in jirgi ya fizgi goran ya saki. Sannan ya tara masu jiragen nan uku ya nuna musu tutar, ya ce duk inda suka gan ta su rage gudu su yi nesa. Tutar da ba a san ma'anarta ba tsumma ce kawai.

Kayan suna cikin kwali a wurin Idi. Na rubuta sunan Baffa Abu a kai, kin san ba ya kyautu kaya su shiga gida su tsallake babba, ya ji a bakin mutane. Ki ce ya miƙa wa Bashar. In motar ta yi jinkiri, ya riƙe jarkar kafin nan.

Jibi za mu fita teku, aikin mako shida ne ko fiye, can babu waya babu takarda. In na dawo ina so in ji cewa jar tuta tana yawo a tafkin Illela.

Taubashinki,
Zayyanu.

Illela,
17 ga Agusta.

Zayyanu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fata teku ta bar ku lafiya. Na san ba za ka ga wannan ba sai ka dawo, amma in ban rubuta ba zan fashe.

Shekara nawa ka yi rabonka da zama a Illela har ka manta abin da ake yi da kwalin da ya zo daga Legas da sunan babban gida a kai? Tsaraba ce, Zayyanu! Rabawa ake yi!

Idi ya sauke kwalinka a zaure ran Litinin da hantsi. Kafin azahar an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Baffa ya zauna a tsakiya, maza a gefe, mu mata muna leƙe daga bakin ƙofa. Ya yi bismilla ya yanke igiyar kwalin, ya fara da sa maka albarka, ya ce yaron nan bai manta da gida ba. Bashar ya durƙusa ya ce a hankali, "Baffa, akwai takarda, kayan aiki na." Baffa ya ce, "To a karanta muna." Na miƙa takardarka, aka ba Sufyanu ya karanta, yana tsallake layi yana dariyar bakin reza. Da ya zo inda ka ce jarka ta fi, Baffa ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Shi da bakinai yac ce jarka ta hi. Bashar, ba ka da jarka?"

"Ina da ita, Baffa."

"To alhamdu lillahi, kai ka samu naka."

Sufyanu ya ƙarasa karantawa, har wurin tuta da ma'anarta, amma a lokacin hankalin kowa yana cikin kwali. Baffa ya fara zaro kaya. Igiya ya ja ta da hannu biyu, ya ce bai taɓa ganin mai ƙarfinta ba, ya ba da ita a ɗaure ragonsa da ke tsinke duk abin da aka sa masa. Darma ta tafi wurin ƙaninsa mai awon albasa. Tuta ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Wagga ta jirgi ta, kowa ya san jirage ad da tuta," ya miƙa wa Sufyanu. Goran kuwa, da aka hura shi ya kumbura, Baffa ya danna shi da yatsa, ya sa shi a bayansa ya jingina, ya lumshe ido. Ya ce shekara biyar bayansa bai ji daɗi irin na yau ba. Bashar ya samu abin naɗe igiya, babu igiyar. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.

Ina tsaye ina kallo, bakina ya yi ɗaci kamar na tauna maɗaci. Ka san ni suruka ce a gidan nan, ko sunan Baffa ba na kamawa a gabansa, balle in tsaya cikin maza in ce ya yi kuskure. Da muka shiga ɗaki na ce wa Bashar ya je ya roƙa. Ya ce, "Ƙaƙa zan je in ce ma uban da yar riƙe ni tun ina maraya ya tashi in ɗauke abin da ya jingina da shi?" Na ce, "Da kai da bayanai wa ya hi?" Ya ɗauki hularsa ya fita.

Yanzu ga yadda abin yake. Kowace safiya Baffa yana ƙofar gida a gindin dogon yaro, jingine da goranka, masu wucewa suna tsayawa su taɓa su ce ma sha Allah. Har ya fara baƙi da maiƙon wuya, ga ruwan goro ya ɗiga a kansa. Rago yana jan igiyarka cikin kashinsa. Tutarka tana goshin jirgin Sufyanu, ya ce tun da ya kafa ta fasinja suka fi son jirginsa, don ya fi kama da na gwamnati. Bashar kuwa yana jan tsohuwar jarka da igiyar shanya.

Ba mugu ko ɗaya a cikinsu, shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Kowa yana murna, kowa yana sa maka albarka. Ran da ka sauka ka rubuto wa Baffa da kanka, da manyan baƙi, ka ce kayan na Bashar ne su duka. Kai baƙo ne, kai mai kyauta ne, zai ji taka.

Shafa'atu.

Illela,
9 ga Satumba.

Zayyanu,

Sallama da gaisuwa. Lafiya muke, sai Humaira da ta yi zazzaɓi kwana biyu, ta warke. Idi ya je ya dawo sau biyu, ya ce ɗakinka a kulle yake, ya tura takardata ta ƙarƙashin ƙofa. Wannan ma haka zai yi da ita.

Na gaji da jira na ɗinka tuta da kaina. Na samo jan yadi, na yanko fari daga tsohon zanen gado, na kafa shi a karkace yadda ka kwatanta, har waya na zare daga lalatacciyar laima na sa mata. Ta yi kyau, ko kai ba za ka raina ta ba. Bashar ya duba ya ce ba zai fita da ita ba. Wai in aka ga tuta iri ɗaya a hannunsa, gari zai ce yana nuna wa duniya Baffa ya yi rabon banza. Wai a bari ka dawo ka warware cikin mutunci. Tutar tana ƙarƙashin katifa, ita ma tana jiran mutunci.

Jarkar nan kuma ba ta kwanta mini a rai ba. Kai ka duba launinta, ni ina tunanin abin da take nufi a garin nan. Mu da muka tashi muna ganin jarkokin fetur suna tsallaka iyaka a bayan babur, yanzu kuma a cikin jirgi, wa zai ga jarka rawaya tana yawo ita kaɗai a ruwa ya kauce mata? Shekaranjiya Bashar ya ɗago kai ya tarar da wani mai jirgi ya kashe inji a gefensa, yana girgiza jarkar a kunne ya ji ko da mai a ciki. Suka yi dariya suka rabu. Na faɗa masa ya jefar da ita, ya ce ai Zayyanu ne ya ce ta fi, kuma ni ban taɓa shiga ruwa ba.

Kullum in ya fita sai in kasa taka keke, in zauna ina sauraren ƙarar injinan nan daga nesa. Na tsani tafkin, na tsani jarkar, kai ma yau ban cika son ka ba. Ka dawo ka rubuto.

Shafa'atu.

Legas,
27 ga Satumba.

Shafa'atu,

Wa alaikumus salam. Jiya da yamma muka sauka, lafiya lau, aikin ne ya ƙara kwanaki. Na buɗe ƙofa na taka takardunki biyu. Allah ya ƙara wa Humaira lafiya.

Ta farko na fara karantawa ina dariya, rago da igiyar nutso, kafin in kai ƙarshe dariyar ta koma takaici. Wuni guda na yi ina zaɓen goran nan, na duba ɗinkinsa, na hura shi na danna a ruwa don in ga ko yana yoyo, ashe matashi nake saya. Ban ga laifin Baffa kamar nawa ba. Na nemi a ce ina da ladabi, na rubuta sunan da bai kamata ba.

Ta biyun ce ta hana ni cin abinci. Kin fi ni gaskiya. A nan jarka a ruwa shara ce, kowa kauce mata yake don kada ta shiga farfela. Na manta cewa a gida dukiya ce. Na ba shi abin da zai kira jirgi zuwa kansa, kuma da hannuna na rubuta. Ki karanta masa wannan layin sau uku: Bashar, ka jefar da jarkar nan yau. Gara ka shiga ruwa ba komai da ka shiga da ita, gara kuma kada ka shiga sam sai goran da tutar sun dawo hannunka.

Ga takardar Baffa nan a ciki daban. Na gaishe shi yadda ya kamata, na ce kuskuren nawa ne, na yi alkawarin matashi na gaske mai cike da auduga da sabuwar igiyar rago, Idi zai kawo a sawu na gaba. Na kuma rubuta wa Sufyanu layi biyu, ya sauke tutar nan daga jirginsa, don yana koya wa mutane cewa ado ce.

Idi zai tashi gobe in ya gama sauke kaya. Ki ba ni labari mai daɗi.

Zayyanu.

Sakkwato,
3 ga Oktoba.

Zayyanu,

Assalamu alaikum. Ka ga daga inda nake rubutu. Muna asibiti, Bashar yana da rai, da wannan zan fara don kada ka tsallake layi kamar wasu.

Takardarka ta iso ran Asabar, Idi ya biyo mu da ita har nan. Duk abin da ka faɗa a ciki daidai ne. Abin ya faru ran Alhamis.

Da hantsi ne, Bashar yana ciro wa wani mutumin garin Araba injinsa. A safiyar an yi ta maganar cewa wani jirgi ya zubar da jarkoki huɗu a tsakiyar tafki, an tsinci uku. Sufyanu yana dawowa daga tsallake ba fasinja, ya hango rawaya a kan ruwa, ya ga wani jirgin ma ya karkato. Sai ya ƙure inji don ya riga shi. Shi da bakinsa ya faɗa mini, yana kuka kamar mace, ya ce ya san Bashar yana jan jarka, sarai ya sani, amma a lokacin ba abin da ya zo masa a rai sai ta huɗun. Bashar yana tasowa, hannunsa na dama a sama yana bin igiya. Farfela ta ɗauke yatsu uku, ta tsaga hannun har kusa da gwiwa.

Sufyanu ne ya faɗa ruwa ya jawo shi. Ya duba cikin jirgi ba abin da zai ɗaure hannun, sai ya fizge tutarka daga sandarta ya naɗe da ita. Haka aka kawo mini shi. Ka ce ja ake so don a hango daga nesa. Na hango ta tun daga bakin lungu, farin layin ma ya koma ja. Da masu jinya suka kwance ta suka jefa a bokitin shara, na tsaya ina kallonta cikin auduga da ƙazanta, amai ya taso mini, na fita waje na yi.

Jiya Baffa ya zo dubiya, shi da mutum shida. Ya rame a kwana huɗu, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya yi addu'a mai tsawo, ya ce ƙaddara ce ba a kauce mata. Sannan ya sa aka shigo da wani abu a buhu. Ya zaro da hannunsa, ya matso bakin gado, ya ce, "An ce a riƙa ɗaga hannun sama. Ga matashina na kawo ma, ɗana, shina da taushi. Ni na haƙura da shi."

Zayyanu, goranka ne. Da maiƙonsa da ruwan goronsa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Shekara shida a gidan nan ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa ba, jiya na duba. Na ce, "Baffa, wanga ba matashi ba na. Shi na abin da anka aiko don jirgi shi gani shi kauce. Da shi da tutar da igiyar ragonka, duk na Bashar na." Bashar ya rufe ido. Baffa ya ce, "Ba a hwaɗa min ba." Na ce, "An karanta maka, tsakar gida, ina tsaye." Na ciro takardar da ka rubuto masa na ajiye a gabansa.

Bai ɗauka ba, bai kuma yi mini faɗa ba. Ya dubi goran, ya dubi hannun, ya daɗe. Sai ya tashi ya fita, ya manta sandarsa. Da na leƙa bayan la'asar yana zaune a ƙasa a bakin baranda, ga benci a gefensa babu kowa, bai jingina da komai ba. Matan gida sun riga sun aiko mini cewa na yi rashin kunya. Na ce na ji. Kunyar da na yi ran Litinin ɗin nan a bakin ƙofa ita ce ba zan yafe wa kaina ba, don ni ma ina da baki a ranar.

Likita ya ce hannun zai warke amma ba zai ƙara riƙe igiya ko fartanya yadda ya saba ba. Bashar ya ce in gaishe ka, kada ka sa abin a ranka. Ni ban ce haka ba tukuna, ka ba ni lokaci. Kada ka aiko da matashin auduga, kada ka aiko da komai. Akwai samari biyu da suka fara koyon nutso a wurinsa, tutar da ke ƙarƙashin katifata ta ɗayansu ce, zan ɗinka ta biyu, kuma ni zan kai su bakin tafki in tara masu jiragen, duk mai cewa wani abu ya ce.

Na so in fasa goran da almakashi. Mai jinya ta shigo ta gan shi, ta wanke shi da sabulu, ta sa a ƙarƙashin hannun, ta ce tsayinsa ya yi daidai kamar an auna. Don haka in kana son sanin ko kayanka sun isa wurin mai su, sun isa. Yanzu haka da nake rubuta maka, abin da ya rage na hannun Bashar yana kansa.

Shafa'atu.